Daɓen siton harawa: siminti, tsakuwa, katako ko ƙasa, wanne za ka zaɓa?

Shekarar da na fara tara harawa da yawa na yi wata asara da har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci. Tun da kaka na sayi harawar wake da ta gyaɗa lokacin tana araha, na gina ɗan sito a bayan gida na rufa masa kwano, na sa birkila ya yi min daɓen siminti sumul, ko sati biyu bai cika da bushewa ba muka fara jibga dammuna a kai saboda ina gudun awakin unguwa su cinye min a waje. Ta sama dai lafiya lau har bazara, ganye kore shar, ƙamshi kamar ranar da aka ɗaure. Ranar da muka iso layin ƙasa yaron da ke taya ni ya ɗaga dami ɗaya, sai rabi ya biyo hannunsa rabi ya manne da siminti, baƙi ƙirin, ga farar fumfuna kamar an barbaɗa gari, ga wani wari mai hawa kai. Layi guda cur haka yake, na biyun ma ƙasansa ya taɓu. Kuma a lokacin ne harawa ta fi tsada, raguna na ɗaure, Sallah saura ƴan makonni.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne ko ɗigon ruwa bai taɓa zubowa daga rufi ba. Kawuna da ya zo jaje ya durƙusa ya shafa simintin da tafin hannu ya ce "Ɗana, ai ba daga sama aka cuce ka ba, daga ƙasa ne. Ka taɓa ganin rumbu zaune a ƙasa?" Gaskiya ban taɓa gani ba, duk rumbun da na sani a kan duwatsu yake ɗare, iska na bi ta ƙarƙashinsa, kaji ma har su shiga su kwanta. Tun daga ranar na daina kallon daɓe a matsayin ado, na koma tambayar ta ina danshi zai zo kuma ta ina zai fita.

Danshin nan ba hanya ɗaya yake bi ba. Akwai ruwa mai gudu da ke shigowa ta bakin ƙofa ko gindin bango in an yi mamako, wannan kowa ya san shi. Akwai wanda ke hawowa daga cikin ƙasa a hankali kamar yadda lagwani ke jan kananzir a fitila, ba ka ganinsa ba ka jin motsinsa, ƙasa mai laka ta fi yin haka, kuma siminti ma yana sha ya miƙa sama don cike yake da ƴan ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Sai gumi, wato lokacin da iska mai ɗumi mai laima ta taɓa daɓe mai sanyi sai ruwa ya kwanta a kai kamar jikin randa, an fi ganin wannan da farkon damina. Sannan ita kanta harawar tana zuwa da nata ɗanyancin, in an ɗaure ta ba ta gama bushewa ba za ta ci gaba da fitar da tururi a cikin sito, dammunan sama iska za ta kwashe musu, na ƙasa kuwa da ke danne a kan daɓe ba su da mafita. Masana kiwo sun ce ciyawar ajiya kada danshinta ya wuce kashi 15 zuwa 18 cikin 100, in ya haura 20 fumfuna ta samu gida. Mu da ba mu da na'urar awo sai murɗawa, ka kama ƙullin kara ka murɗa, in ya karye ƙas to ya bushe, in ya lanƙwashe kamar igiya ko ka ji sanyi a hannu to a ƙara shanya shi.

To bari mu fara da ƙasa tsura, tunda ita ce ba a biyan ko sisi. In harawarka ta wata biyu ce zuwa uku a tsakiyar hunturu, wurin kuma tudu ne mai jigawa, ƙasa za ta iya riƙe ka ta fuskar danshi, don a watan Disamba da Janairu a wajajen Kano da Katsina da Maraɗi iska a bushe take ƙayau. Amma gara fa ba ruwanta da hunturu. Dare kaɗan ya ishe ta ta gina a ƙarƙashin dami, ka ɗaga ka ga jar ƙasa ta maye gurbin kara. Ni dai ban yarda a ajiye abincin dabba kai tsaye a ƙasa ba ko na sati ɗaya ne, in ta kama dole to a shimfiɗa karan dawa ko itace a ɗora a kai, a kuma riƙa ɗagawa ana dubawa.

Daɓen gargajiya ya ɗan fi, wanda ake zuba marmara a yayyafa ruwa mata su bi da madaɓi suna bugawa har ta kwanta, a zuba ruwan makuba ya ƙara mata ƙarfi da santsi. Yana sharuwa, ba ya ƙura sosai, kuma ba ya gumi kamar siminti. Sai dai ƙasa ce dai har yanzu, lagwanin nan yana nan yana aiki, ɓera da gafiya kuma in sun sa kansu sai sun huda. A wurina daɓen marmara shimfiɗa ce mai kyau da za a ɗora wani abu a kanta, ba wurin kwanciyar harawa ba.

Leda ko tamfol a ƙasa, wannan shi ne abin da mutane suka fi saurin tunawa kuma ya fi yaudara. Eh tana tare danshin da ke tasowa, babu gardama. Amma duk ruwan da ya samu hanya ya hau kanta, ko feshin ruwan sama ne ta taga, ko gumin harawar kanta, to ya zauna ke nan kamar a faranti, ba zai nutse ba ba zai bushe ba, dami na zaune a ciki. Kuma kara ɗaya mai tsini ya isa ya huda ta. Wurin leda a ƙarƙashin siminti ne ko ƙarƙashin wani abu, a binne, ba inda harawa za ta taɓa ta ba.

Yanzu siminti, wanda shi ne burin kowa, ni ma shi na fara yi. Kada labarina ya sa ka ɗauka ba shi da amfani, yana da shi sosai. Na farko shara. Duk mai kiwo ya san daɗin harawa a ganye yake, nan ne abin gina jiki ya taru, kara ciko ne kawai, kuma duk lokacin da aka ɗaga dami aka ajiye sai ganye ya kakkarye ya zube. A kan siminti tsintsiya kawai za ka sa ka tara wannan diddigar a buhu ka gauraya da dusa, raguna har rububinta suke yi, a sito mai girma kana iya tara buhuna kafin shekara ta zagayo. A kan tsakuwa ko ƙasa kuwa ta tafi ke nan. Na biyu baro da amalanke suna tafiya sumul, in ma kana da tarakta ko motar ɗaukar kaya za ta shiga. Na uku ɓera ba ya iya haƙa shi, kashinsa da sawunsa kuma a fili za ka gani. Sannan in wata shekara ka fasa ajiye harawa, ɗakin zai yi maka ajiyar hatsi ko wani abin.

Amma sai an yi shi yadda ya kamata, kuma a nan ne yawancinmu muke tsuke aljihu mu cuci kanmu. Abin da aka yi min a karon farko ɗan shafe ne a kan ciko, babu dutse a ƙasa babu leda. Yadda ya dace shi ne a yi ciko da marmara a daddanne har daɓen ya fi ƙasar waje tsawo da aƙalla ƙafa ɗaya, a zuba fasasshen dutse, a bi da yashi kaɗan don kada dutsen ya huda leda, a shimfiɗa leda mai kauri bakin kowace ya hau kan ƴar'uwarta sosai, sannan a zuba kankare mai kaurin inci 4, irin wanda birkiloli ke kira jaman fulo. In mota mai nauyi za ta riƙa shiga sai inci 6 da rodi ko waya a ciki. A ɗan karkata shi zuwa ƙofa, santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, yadda ko ruwa ya shigo zai fita da kansa. Lissafin kayan ba ɓoyayye ba ne, ɗaki mai mita 6 da mita 4 a kaurin inci 4 da haɗin siminti ɗaya yashi biyu tsakuwa huɗu zai ci kusan buhu 15, ban da yashi da dutse da kuɗin aiki. Ka je kasuwa ka tambayi kuɗin buhu yau ka ninka, za ka san ko aljihunka zai ɗauka.

Sai haƙuri, wanda shi ne na rasa. Kankare yana ɗaukar kwana 28 kafin ya kai ƙarfinsa, kuma ko bayan nan yana ci gaba da fitar da ruwan da aka kwaɓa shi da shi na tsawon watanni. Ka ga saman ya yi fari ka ɗauka ya bushe alhali cikinsa jiƙe yake. Akwai gwaji mai sauƙi da nake yi yanzu kafin in ajiye komai, ka yanki farar leda kamar girman ɗankwali ka shimfiɗa a daɓen ka liƙe bakinta ko'ina da salatif, ka bar ta ta kwana ta wuni, in ka ɗaga ka ga raɓa a jikinta ko simintin wurin ya yi duhu to daɓen nan yana numfashin ruwa, duk abin da ka danne a kai haka zai same shi. Kuma ko gwajin ya fito lafiya ni ban ƙara ɗora harawa a kan siminti tsirara ba, saboda gumin farkon damina ba ya tambayar ko an sa leda a ƙasa. Wani abin kuma, gara na bin tsaga, musamman inda daɓe ya haɗu da bango, can za ka fara ganin ƴar hanyarta ta ƙasa tana hawa.

Tsakuwa kuwa mutanenmu ba su cika tunaninta ba, alhali ta fuskar danshi ta fi siminti mara leda nesa ba kusa ba. Dalili shi ne tsakanin dutse da dutse akwai fili babba, ruwa ba ya iya hawa ta ciki kamar yadda yake hawa ta laka, lagwanin ya yanke ke nan. In ma ruwa ya shigo ta sama sai ya zurare ƙasa. Amma ba kowace tsakuwa ba. Fasasshen dutse mai kaifi-kaifi irin na kankare ake so, wankakke mara gari, don shi ne yake kama juna ya zauna daram. Tsakuwar rafi mai sulɓi tana gudu a ƙarƙashin ƙafa, burji mai haɗe da ƙasa kuma ya koma ƴar gidan jiya tunda ƙasar cikinsa za ta ja ruwa. Kauri inci 4 zuwa 6, a ɗakin nan namu mai mita 6 da 4 wajen kubik mita 3 da rabi ke nan in an yi inci 6. A sa wani abu tsakaninta da ƙasa don kada ta nutse a hankali, akwai yadin da masu aikin titi ke shimfiɗawa mai barin ruwa ya wuce, in babu shi tsofaffin buhunan saƙa ma suna taimakawa na ɗan lokaci.

Aibinta fa? Diddigar ganyen nan da na ce, tana shigewa tsakanin duwatsu, ba ta sharuwa, shekara biyu uku sai ta ruɓe ta zama taki ta toshe filin da iska ke bi, daɓenka ya koma ƙasa mai duwatsu. Dole kowace shekara in sito ya zama fanko a bi da manjagara a motsa, a kwashe dattin, a ƙara sabon dutse inda ya lotsa. Tura baro a kai wahala ne. Ƴan duwatsu na maƙalewa a ƙasan dami su tafi har kwamin dabba. Gara kuma tsakuwa ba ta hana ta, ta cikin duwatsun take gina hanyarta. Kuɗinta ya danganta da nisanka da inda ake fasa dutse, wanda ke kusa da duwatsu zai same ta da sauƙi, wanda ke can cikin yashi kuɗin tifa kaɗai zai iya kusan kamo na siminti.

Daga nan sai abubuwan da ke ɗaga harawa sama, waɗanda a ganina su ne maganin gaske, daɓen da ke ƙasa mataimaki ne kawai.

Falet, wato katakon nan da kamfanoni ke ɗora kaya a kai, ana samun tsofaffinsa a kasuwannin katako da wajen manyan sito-sito. Girmansa da aka fi gani santimita 120 da 100, tsayinsa daga ƙasa wajen santimita 14 ko 15, don haka 15 ko 16 za su ishi ɗakin nan in ka bar hanya. Sauƙinsa ba a magana, yau ka saya yau ka jera, in sito ya ƙare ka ɗaga ka share ka shanya su a rana. A kan siminti falet ya yi daidai, shi ne ma haɗin da na koma yi a tsohon sitona kuma tun daga nan ban sake ganin baƙin dami ba. A kan tsakuwa ma yana zama. A kan ƙasa tsura kuwa yana nutsewa, katakon ya sha danshi, gara ta fara da shi kafin ta hau harawa. Abin da na fi ƙi game da shi shi ne tsayinsa, ya isa ɓera ya yi gida ya hayayyafa amma bai isa kyanwa ta shiga ta kama shi ba, inda ɓera ya taru kuma maciji na tafe. Ga ƙusoshi, ka bi kowane ɗaya da guduma kafin ka jera, don ƙusa in ta shiga cikin harawa saniya ta haɗiye tana iya huda tumbinta har ta taɓa zuciya, kuma shanu ba sa tantance abin da suke haɗiya kamar yadda awaki ke tantancewa. Ka duba hatimin da ke jikin katakon, mai HT da zafi aka gasa shi, mai MB hayaƙin magani aka yi masa, ni na fi natsuwa da mai HT. Wanda ka ga tabon mai ko wani sinadari a jikinsa ka bar musu kayansu.

Tsofaffin tayoyi wasu na jerawa. A cikin ɗaki mai rufi suna ɗan aiki, amma cikinsu ɗakin kunama ne da maciji, in ruwa ya shiga kuma sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa, in gobara ta tashi Allah ya kiyaye taya ba ta mutuwa da wuri. Ban ba kowa shawararsu ba.

Wanda na fi so, kuma shi na yi a sabon wurin da na gina, shi ne gado, dabarar rumbu ce kawai aka faɗaɗa. Ka yi cikon marmara ka daddaɓe, ka jera bulo mai inci 9 hawa biyu-biyu a matsayin ƙafafu, tazarar kamar mita ɗaya tsakaninsu, ka gicciya azara ko ƙarfe ko katako mai ƙarfi a kai, sannan ka jera gora ko sanduna a sama da ɗan fili tsakaninsu kamar faɗin yatsa biyu zuwa uku. Azarar giginya ta fi min komai saboda gara ba ta cika damunta ba, shi ya sa magina na da suke rufin soro da ita, sai dai yanzu ta yi wuyar samu kuma ta yi tsada. Bulo biyu zai ba ka tsayin da ya haura ƙafa ɗaya, kuma wannan tsayin shi ne duk sirrin. Iska na ratsawa ta ko'ina, kyanwa na shiga, kai ma kana iya durƙusawa da tocila ka haska tun daga wannan bango har wancan. A kan kowace ƙafa na kifa ɗan yankin kwano mai faɗi da ya zarce bulon ta kowane gefe, ba wai yana hana gara kwata-kwata ba ne, amma dole ta fito fili ta zagaye shi, da ka ga jar hanyarta sai ka kankare ka bi ta har gidanta. Diddigar ganye na zubowa ƙasa, nakan shimfiɗa buhuna a ƙarƙashi in janyo su duk sati biyu in juye. Ko ruwa ya yi ambaliya ya shigo ɗakin da ɗan yawa, harawa na sama ba abin da ya same ta.

Shi ma yana da nasa. Nauyi ne babba, harawa in ta taru ba wasa ba ce, in ka yi rowar ƙafafu sanda za ta lanƙwashe ko ta karye da mutum a kai. Ba ya ɗaukar mota. Sannan masu shafa wa katako baƙin mai don gara su tsaya a ƙafafu da ƙasan azara, kada ya taɓa inda abincin dabba zai kwanta.

Ga masu ciyawar inji lissafin ya ɗan bambanta. Yanzu ana samun gonakin da ke shuka ciyawa su yanka inji ya matse ta ya ɗaure kamar dila, cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta daɗe tana aikin irin wannan ciyawar. Ƙaramin ɗauri mai kusurwa huɗu yakan kai kilo 15 zuwa 25, mutum ɗaya na ɗauka, wannan zai hau falet ko gado lafiya, kuma an fi so a kafa layin farko a kan gefensa maimakon a kwance don igiyar ɗaurin kada ta ruɓe. Babban naɗi mai kama da ganga kuwa yana kai kilo 300 ko fiye, sai da tarakta, gadon gora ba zai ɗauka ba, falet ma tayar tarakta na farfasa shi. A nan sai ko dai kankare mai inci 6 da leda a ƙasa, ko fasasshen dutse mai kauri da aka danne da kyau. In filin babba ne dutse ya fi sauƙin kuɗi, shi ya sa manyan rumfunan ciyawa da yawa a Amurka da Turai dutse ne a ƙasansu. Kuma ka tuna ciyawar da inji ya matse ta fi damin hannu riƙe zafi, iska ba ta ratsa ta. In an ɗaure ta da ɗanyanci tana dahuwa daga ciki har ta kama wuta da kanta, yawanci a makonni shida na farko. Zafin ciki in ya kai digiri 55 a fara sa ido, 65 haɗari ne, wajen 80 wuta na dab da tashi. In ba ka da ma'auni ka soka dogon rodi cikin tsakiyar tarin ka bar shi minti 15 zuwa 20, ka zaro, in ba ka iya riƙe shi da hannu to akwai matsala, a nemi taimako da ruwa a kusa kafin a fara warware tarin, don iska na shiga wuta na iya tashi. Babu daɓen da ke maganin wannan.

To wanne za ka zaɓa? Ka fara duba inda kake. In fadama ce, ko kusa da noman rani irin wajajen Kura da Kadawa inda ruwa ke kusa da saman ƙasa, ko unguwar da gindin bangonku ke jiƙewa duk watan Agusta, kada ka yarda da komai sai ciko mai tsawo da gado, in ka yi siminti ma leda dole ce kuma ka ɗora falet. In tudu ne mai yashi, marmara da gado sun wadatar, kuɗin simintin ka ƙara rago da shi. Sai ka duba tsawon ajiyar. Wanda harawarsa za ta ƙare kafin ruwan farko yana da sauƙi, amma akwai shekarun da Babbar Sallah ke faɗowa daidai shigowar damina, kamar ta 2024 ranar 16 ga Yuni da ta 2025 ranar 6 ga Yuni, masu turka ke nan suna cin layin ƙasa a daidai lokacin da iska ta fara laima, ɗan kasuwar da ke riƙe kaya sai sun yi tsada shi ma haka. Mai rago uku ko biyar a cikin gida falet huɗu a ɗakin da ke da siminti sun ishe shi, ba sai ya gina komai ba. Mai gidan haya ma falet, don ranar tashi zai ɗauki abinsa. Mai doki kuma ya fi kowa buƙatar tsanani, doki ba ya jure ƙurar fumfuna, tari da sarƙewar numfashi yake jawo masa.

Damin da ya riga ya yi fumfuna fa kada a ce a karkaɗe a ba dabba don gudun asara. Na ga masu yin haka, ni ma zuciyata ta raya min a waccan shekarar, Kawu ne ya hana. Harawar gyaɗa musamman, wadda ke zuwa da ragowar ƙwanso a jiki, fumfunarta na iya ɗauke da gubar da ake kira afulatoksin mai lalata hanta, kuma tana bi ta cikin nonon saniya ta kai ga yaran da ke sha. Mun kwashe layin nan duka muka kai bola ya zama taki.

Kowane daɓe ka yi, ka bar tazarar kamar rabin mita tsakanin harawa da bango, ka bar fili a sama kada ta taɓa kwano, ka buɗe tagogi biyu masu kallon juna da raga a jiki, a waje kuma ka haƙa kwata ta janye ruwan indararo nesa da gindin gini. Jarkar fetur da janareto da buhun taki su nemi wani ɗakin. Ni yanzu duk ranar Juma'a da safe kafin in ba raguna abinci nakan durƙusa in haska ƙarƙashin gadon da tocila, in zura hannu in taɓa ƙasan dami biyu uku na tsakiya, in sansana tafin hannuna. Makon da ya wuce na tarar da hanyar gara a ƙafa ta uku daga ƙofa, ta hau bulo ta tsaya a bakin kwano, na kankare ta na bi sawunta har bayan katanga inda wani tsohon kututture yake binne, gobe in Allah ya kai mu za mu tone shi.